Sifikun Motar Yaya a Ɗakin Inna

Duk unguwarmu a Batsari an yarda cewa kiɗa na kunna a gidan makoki. Haka mata suka faɗa wa juna a bakin famfo, haka aka kai wa Baffa, ƙanen mahaifinmu, haka labarin ya riga ni isa Safana wajen dangin Inna. Wai yayana bai yi arba'in a ƙasa ba na jona sifikun motarsa ina jin ganga. Wai amfilifayar ta yi hayaƙi ne don Allah ya nuna mani iyakata. A duk wannan, hayaƙin ne kaɗai gaskiya. Ba kiɗa ba ne. Abin da ya ƙona amfilifayar kuma abu biyu ne: wani lissafi da aka koya mani a sakandare na mance, sai bargon Inna.

Sai na fara da kunnenta. Tun wani zazzaɓi da ta yi ina 'yar firamare, kunnen hagu ya toshe gaba ɗaya, na dama ya rage rabi. Siririn sauti ba ta jinsa. Kukan 'yan tsaki, ƙarar waya, muryata ni kaina, duk ɗaya ne a wurinta da shiru, sai na matso na ɗaga murya kamar mai faɗa. Amma tana jin tsawa, tana jin daka a turmin maƙwabta, kuma tana riga kowa jin injin akori-kurar Yaya tun yana kwanar layinmu. Muryarsa ma irin wannan ce, mai kauri, daga ƙirji take fitowa. Shi kaɗai ne a gidan ba ya maimaita mata magana.

Sai dai Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa tsohuwar tarbiyya ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Mai motar nan" take cewa, in ta ji haushi kuma "wancan". Zai shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon farantin da take tsince wake. Ya ajiye mata tsire daga kasuwa, ta ce a kai wa yara, alhali babu wasu yara a gidan sai ni. Shi dariya abin yake ba shi. Ni kuma, da yake ba ni da zurfin tunani, na ɗauka yadda take nunawa haka abin yake a ranta.

Dakon hatsi yake yi tsakanin Batsari, Safana da ƙauyuka, gero da dawa da gyaɗa, wani lokaci ya kwana biyu uku bai dawo ba. Inna ba ta da waya, ba ta ma da amfani da ita, don haka tawa yake turo wa saƙon murya. Yawanci aike ne: a ba tunkiya dusa, a karɓo masa ɗinki wajen tela, a ce wa Inna kada ta jira shi da tuwo. A farko nakan kara mata wayar a kunne. Sai ta ce me ya ce, in sake kunnawa, ta sake cewa me ya ce, sannan ta kau da kai ta ce ita ba ta tambayi labarinsa ba. Ni Allah bai ba ni haƙuri ba, kowa ya sani. Na daina kara mata. In saurara ni kaɗai, in leƙa ɗakinta in ce ya ce yana gaishe ki. Ta ce to.

Saƙon ƙarshe daga ƙauyen Zakka ya turo shi, ana yi masa lodi, injin motar na aiki a bayansa. Ya fi sauran tsawo. Ga yadda ya fara:

"Auta, uwar gaggawa, wannan ba naki ba ne. Ki kai wa Inna kunnenta, kuma kar ki taƙaita mata, na san halinki."

Daga nan ya koma kanta. Ya ce ya ci tuwo a wata rumfa, miyar kukar kamar an wanke tukunya, ba a yi ta biyun tata ba. Ya ce an ba shi labarin wani likitan kunne a Katsina, da an gama kaka zai kai ta, ta zauna a gaban mota kamar matar gwamna. Sai ya ce akwai abin da yake so ya roƙe ta. Ya ce ko sau ɗaya ta kira sunansa ya ji yadda yake fita a bakinta, a mota, su biyu, gilashi a rufe, ba wanda zai ji balle ya ce ta yi rashin kunya. Ya yi dariya, wani ya kira shi, saƙon ya yanke.

Ina wanki lokacin. Na saurara da kumfa a hannuna, na yi tsaki na ce Yaya da surutu. Na leƙa na ce wa Inna yana gaishe ta, jibi zai dawo.

Washegari taya ta fashe masa a hanya da lodi a bayansa. Ba zan yi bayanin wannan ba. Kafin la'asar an kawo shi, kafin magariba an kai shi.

Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Tana zaune a tabarma da carbi, mata na shigowa suna fita suna yaba haƙurinta, suna cewa haka uwar ɗan fari take. Ni ce na yi ta birgima har Baffa ya aiko a ce mani in yi wa mamaci adalci.

Bayan sadakar bakwai, wata rana da hantsi, ina zaune a bakin gadonta da waya a kunne ina jin saƙon tunkiya da dusa. Ban san tana kallona ba. Ta miƙo hannu. Na ƙure ƙarar, na ba ta. Ta danna wayar a kunnen dama har gefen fuskarta ya yi shaida, ta daɗe, sannan ta miƙo mani ta ce sauro take ji. Na sa mata abin sauraro na sawa a kunne, ta cire ta ce yana sosa mata ciki. Na aro 'yar ƙaramar sifikar caji wajen wata ƙawata, irin wadda ake ratayawa a wuya. Ta ji wani abu, amma ta girgiza kai.

"Wannan ba shi ba ne," in ji ta. "Wannan yaro ne."

A ɗakin akwai amfilifayar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na'urar ƙara ƙarfin sauti, wadda ya zo da ita daga Katsina tun kafin a haife ni. Tana kan kwaba, an rufe ta da wani ƙyalle mai saƙa, don Inna ba ta barin kayan mai gida a buɗe. Sifikun amfilifayar na asali ɓeraye sun cinye takardar da ke bakinsu tuni an zubar. Ina kallonta sai na tuna motar Yaya. Motar ta ubangidansa ce, amma sifiku biyu da ke bayan kujera shi ya saya ya ɗaura da hannunsa, yana alfahari da su, in ya kunna wa'azi kujerar har rawa take. Na ce a raina abin da ke girgiza kujera zai shiga kunnen Inna.

Na ce zan je Safana gaida Goggo, yayar Inna. Na je ɗin, na yi mata gaisuwar tsaye, na wuce garejin da aka ja motar. Gefen direba ya lotse, ban tsaya kallo ba. Bakaniken ya san ni. Bai tambaye ni dalili ba, ya ɗauko sukudireba ya kwance su, ya goge da hannun rigarsa, ya sa mani a buhu ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Ko ƙwarzane babu a jikinsu. Na rungume buhun a bayan mai babur har Batsari.

Sifikar mota ba ta da akwati, in aka ajiye ta haka a ƙasa sautinta ba nauyi. Na taɓa ganin wani mai shayi ya ɗora tasa a bakin tukunyar ƙasa, sai na ɗauko tukwane biyu na Inna na zaunar da su a baki, na liƙe gefe da tsumma. Na samo igiyar da ke da kai ɗaya na shiga waya, da kai biyu ja da fari na shiga amfilifaya. Da aka kawo wuta na gwada, sai na tarar gefe ɗaya na amfilifayar ya mutu, ɗaya ne ke magana. Ban damu ba. Na fere igiyoyin da reza, na murɗe ja da ja, baƙa da baƙa, na cusa duka biyun a gefen da ke da rai.

A bayan kowace sifika akwai lamba huɗu da wata alama kamar tukunya a kife. A bayan amfilifayar akwai takwas da wannan alamar. Na gane ta, om ce, ma'aunin yadda abu ke tare wutar lantarki, mun yi a aji. Na ce huɗu da huɗu takwas, ya yi daidai, har na ji daɗin kaina. Ku riƙe wannan.

Na ja labule, na kunna saƙon tunkiya. Da farko injin mota ne ya cika ɗakin, tukwanen suka ɗauka suna gurnani, har kwanonin kwaba suka fara kaɗawa. Sai muryarsa. Ni kaina sai da na juya ƙofa. Inna ta sauko daga gado da gwiwa, ta matso, ta kara kunnen dama. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kan takardar sifikar, inda take motsi, ta bar shi nan. Ta juya fuskarta bango. Da saƙon ya ƙare ta ce, "Sake."

Kwana uku muna haka, duk sanda aka kawo wuta da rana. Tela, dusa, kada a jira shi da tuwo. Ba ta taɓa cewa a kunna ba. Sai dai in ga ta ɗauke ƙyallen ta ninke, ta zauna kusa da tukwanen tana gyaran ɗankwali. Na lura amfilifayar na yin zafi, zafin da ba a iya barin hannu a kanta, sai in riƙa yi mata fifita da mafici, in kashe ta huta. Na ɗauka tsufa ne.

Saƙon ƙarshe kuwa na ƙi kunnawa. Tsoro nake ji. Da kalmar farko za ta san abin da na yi.

A rana ta huɗu na gaji da kaina. Bayan azahar, mun fi awa muna jin gajerun, na ce mata akwai wani da ba ta ji ba. Na sa wayar ta riƙa maimaitawa da kanta, don na san za ta ce sake, na ƙara murɗa ƙarar kusan ƙarshe. Hannunta na kan takarda. Ya ce uwar gaggawa, ya ce kar in taƙaita. Ba ta dube ni ba. Ya yi maganar miyar kuka, na ga kafaɗarta ta motsa.

Daidai nan aka yi sallama a tsakar gida. Mata ne huɗu daga Darini, dangin mahaifinmu, ba su samu zuwa gaisuwa da wuri ba saboda aikin gona. Na fita da sauri in tare su, na durƙusa, ina lafiya lau, lafiya lau, ina so in ja su inuwar darbejiya. Amma babbarsu ta girmi Inna, ba a tare irinta. Ta wuce ni ta nufi labule.

Inna ba ta ji sallamar ba, inuwarsu ta gani. Ba ta san inda ake kashewa ba. Kuma ba za ta yarda dangin miji su same ta durƙushe da hannu a kan muryar ɗan farinta ba, ko da za a yanka ta. Sanda na shigo bayansu, ta riga ta jawo babban bargon gadonta ta lulluɓe komai, amfilifaya da tukwane da waya, ta zauna a gabansu da carbi kamar ba abin da ya faru.

A ƙarƙashin bargo magana ba ta fita. Abin da ke fita dum, dum, dum ne kawai, injin mota da kaurin murya. Suka zauna, biyu a bakin gado, daidai inda soket yake a bayansu. Aka fara gaisuwa. Ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya muka ji da wannan rashi, ya mutanen gida, ya damina ta bar ku, kowace da nata layin, in ta gama ta bayanta ta ɗauko daga farko, kuma sai an maimaita wa Inna da ƙarfi. Suna yi suna satar kallon bargon. Na yunƙura zan ɗaga shi in kashe, Inna ta yi mani wani kallo da ban taɓa gani ba, ba na faɗa ba, na roƙo. Na tsaya kamar turke. Ni da ake ce wa uwar gaggawa, ranar da ake bukatar gaggawa na kasa cewa wata baiwar Allah ta ɗan matsa in zare soket.

Wari ne ya fara zuwa, kamar an jefa roba a murhu. Sautin ya shaƙe, ya yi wani ƙara, ya ɗauke. Hayaƙi ya biyo gefen bargon. Babbar ta yi salati ta fizge shi. Ga sifikun mota a bakin tukwane, ga wayata.

Ta dubi Inna. Inna ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

"Nawa ne," na ce. "Ni na kunna."

"Ke 'yar nan, waƙa ce muke ji tun ɗazu?"

"Waƙa ce."

To kun ji inda labarin ya fito. Daga bakina. Kafin la'asar Baffa ya zo, ya tsaya a tsakar gida ya wanke ni tas. Ya ce bokon da aka kashe wa lokaci ke nan, ya ce ko kare ya san gidan da aka yi rashi, ya ce in kwashe tarkacen nan kar ya sake ganinsu. Na ce to, Baffa. Ban saba cewa to ba, shi ma sai da ya sake dubana.

Da ya tafi na shiga in kwashe. Inna na ninke bargon, gefensa ya babbake. Ba ta kalle ni ba ta ce ta ji abin da mai motar nan ya ce mani a farkon saƙon. Na durƙusa ina naɗe igiyoyin. Ta ce ta ji miyar kuka, ta ji likita, ta ji gaban mota. Ta ce ya ce zai roƙe ta wani abu, a nan ta ɗauke hannu.

Na matso kusa da kunnenta na buɗe baki zan faɗa. Ta ɗaga tafin hannunta tsakanina da ita.

"Ba daga bakinki ba."

Na sha zagi a rayuwata, rabinsa na cancanta. Ba wanda ya zauna mani kamar wannan, kuma a hankali ta faɗe shi.

Ban zubar da komai ba. Na ɓoye sifikun a cikin rumbu, bayan kwana biyu na sa amfilifayar a buhu na koma Safana, wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya buɗe ta ya sunsuna, ya tambayi me na jona mata. Na faɗa masa, har da lissafina. Ya cire tabarau ya kalle ni.

"'Yar boko ce ke?"

Na ce na gama sakandare.

"To gara da an kai kuɗin makarantar nan gidan marayu. Huɗu da huɗu takwas ne in kina ƙirga ƙwai. In kin haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙa da baƙa, biyu ne."

Yana faɗa na tuna. Allon, zanen layuka biyu gefe da gefe, malamin yana cewa wannan sai an raba, ni ina bayan aji ina cin gyaɗa. Dattijon ya ce in ɗauka garke ne a cikin shinge. Ƙofa ɗaya ƙunci, shanu na fita ɗaya bayan ɗaya. In aka buɗe ƙofa biyu gefe da gefe sai su yi tururuwa. Sifikar mota dama ƙofarta ta fi ta gida faɗi, don batirin mota ba shi da ƙarfin tura wuta kamar na gida, ni kuma na buɗe biyu. Ya ce na ɗora wa jaki ɗaya kayan jakai huɗu, na kore shi da gudu, sannan na rufe shi da bargo a rana. Ya tambayi wane mai hankali ne ya rufe ta. Na ce ni ce.

Ya ce abu biyu ne suka ƙone a ciki, zai aika Katsina a nemo, in an dace za ta tashi, gefen da ya daɗe da mutuwa kuwa bai yi alkawari ba. Sai ya ɗauko wasu tsofaffin sifiku ya nuna mani yadda ake yi. Ja daga amfilifaya zuwa jan ta farko. Baƙar ta farko zuwa jan ta biyu. Baƙar ta biyu ta koma amfilifaya. A jere, kamar awaki a igiya ɗaya. Haka ne huɗu da huɗu ke zama takwas. Ya sa na yi da hannuna sau uku, na uku ya rufe bakinsa bai taimaka ba. Ya ce ƙarar za ta ragu, kada in wuce rabi, kuma in bar mata iska ko ƙyalle kar a ɗora. Na ce mai sauraren ba ta ji sosai. Ya kalle ni, bai tambayi wace waƙa ce ake kunna wa kurma ba. Ya ce in tukunyar ta zauna daidai, hannu zai ji abin da kunne ya rasa.

Shekaranjiya maƙwabciyarmu ta yi daka tun safe, Inna ta tambaye ni ko matar ta yi tafiya ne, ta kwana biyu ba ta ji turminta ba. Kunnen dama ma yana tafiya. Ba ni da lokacin jiran Baffa ya huce.

Dattijon ya aiko cewa kayan sun zo, amfilifayar ta tashi. Ranar kasuwa zan je in ɗauko ta. Zan jona sifikun a jere da hannuna, in zaunar da su a tukwane, in matsar da gadon daga gaban soket. In an kawo wuta zan kunna saƙon daga farko, har da inda ya ce mani uwar gaggawa, in ɗora hannun Inna a kan takardar, in ɗauke bargon in fita da shi. Zan zauna a zaure da farantin gyaɗa ina ɓara. Duk wadda ta yi sallama, ko ta girmi kakata, zan ce Inna barci take, abin da take ji kuma waƙata ce, ta je ta faɗa wa Baffa. Kuma zan zauna nesa da labulen yadda ko Inna ta ba shi amsa, ba zan ji ba.